Kujerar da Ta Rasa Layi

Duk saurayin da ya zo shagona a Ƙofar Sauri neman aiki, maganarsa ɗaya ce: "Ai jera kujeru ne kawai, Baba Lawal, wa zai kasa?" Kawai. Wannan kalmar ce take tayar mini da hawan jini. Na fi shekara ashirin ina hayar kujeru da rumfuna a garin nan, tun ana tura kaya a kura har aka koma akori-kura, kuma akwai aiki ɗaya da ya kayar da ni wanda har yau ban gama gane yadda aka yi ba. Ni ba ɗan boko ba ne, a aji biyu na sakandare na tsaya. Amma na iya rubutu daidai gwargwado. To bari in rubuta muku ku karanta, in huta da maimaitawa.

Aikina na farko walimar saukar karatu ce a Kambarawa, kujera ɗari da ashirin. Maigidana, Alhaji Dogo, Allah ya jiƙansa, ya sauke ni da kayan ya ce zai je ya dawo. Na jera su da ido, na share gumi, na zauna ina jiran yabo. Da ya dawo bai ce mini sannu ba. Ya tsaya a bakin layin farko, ya rufe ido ɗaya ya leƙa, sannan ya ce, "Wannan jeri ne ko garken awaki? Kwashe." Na kwashe. Sau uku na kwashe su a ranar.

Sai da na gaji liƙis sannan ya fito da kayan aikin. Igiya ce doguwa mai ƙulli-ƙulli, tsakanin ƙulli da ƙulli faɗin kujerar ƙarfe ɗaya da yatsu huɗu, don kada babbar rigar wani ta hau cinyar wani. Ga turakun rodi, ga guduma, ga gwangwanin toka na zana layi a ƙasa. Sai sandar awo da ake sawa tsakanin layi da layi, daidai yadda mai ƙiba zai wuce bai taka wa kowa takalmi ba. Ƙarƙashin kowace kujera akwai ɗigon fenti, namu kore ne, don in an haɗa kaya da na wasu a babban taro kowa ya gane nasa. Amma duk waɗannan, in ji shi, hannu ne da ƙafa. Kan aikin shi ne lissafi. Kafin ka taɓa kujera ɗaya, ka san adadinsu, ka san layi nawa za su ba ka, ka san nawa za su zauna a kowane layi. Wanda ya fara jeri bai raba ba, da guntun layi zai ƙare a baya. Guntun layi kuwa a wajen Alhaji Dogo abin kunya ne, daidai da magini ya tashi katanga ta karkace.

Yana da yadda ya kasa lambobi, kuma ba a littafi ya koya ba. Akwai cika akwai mara, wannan kowa ya sani: cika ta rabu biyu daidai, mara ta bar ɗaya. Akwai waɗanda yake kira masu ladabi, irin ɗari da ashirin, ɗari uku da sittin, ɗari bakwai da ashirin. Waɗannan duk yadda fili yake za su bi ka. Kana son layi takwas, ga shi, kana son sha biyu, ga shi. Akwai masu kusurwa huɗu, irin ɗari da arba'in da huɗu, sha biyu sau sha biyu, tsawo da faɗi ɗaya. Sai masu taurin kai, waɗanda za ka gwada biyu, uku, biyar, bakwai, duk su ƙi. Da wuya mu gamu da su, don mutane hamsin-hamsin da ɗari-ɗari suke haya. Amma wata rana a taron wasu 'yan kasuwar hatsi aka ba mu ɗari biyu da ashirin da ɗaya. Na gwada duk abin da na sani, na ce masa ba ta rabuwa. Ya tsuguna ya yi 'yan zane-zane a ƙasa da tsinke, ya ce, "Sha uku sau sha bakwai. Je ka." Na je, ta zauna cif. Ranar ce ya gaya mini maganar da na riƙe kamar karatun allo. Ya ce, "Ƙananan lambobi, irin bakwai da sha ɗaya da sha uku, su ne ba su rabuwa, don ba su girma ba. Amma duk lambar da ta girma tana da ƙofa. In ba ka gan ta ba, kai ne ba ka gama zagayawa ba."

Ku riƙe wannan maganar, ita ta kai ni ƙasa.

Lokacin soja aikin ba shi da wuya, tsoro ne kawai. Wani soja mai igiya biyu a kafaɗa zai zo ya ce a cika fili, layi ya miƙe, a gama kafin ƙarfe takwas. Ba ya tambayar nawa ne. In layi ya karkace ka yi tsallen kwaɗo, in ya miƙe ba mai ce maka ka yi ƙoƙari. A haka Alhaji Dogo ya rasu, shagon ya dawo hannuna da kujerun ƙarfe wajen ɗari takwas, da igiyarsa, da sunan da ya bari. A garin nan in za a yi babban taro cewa ake, a kira Lawal, lissafinsa ba ya kuskure. Wannan sunan shi ne jarina. Kujera kowa zai iya saya.

Shekarar da soja suka koma bariki, 1999, wata Litinin da hantsi mota ta tsaya a ƙofar shagona. Wanda ya fito matashi ne mai tabarau da 'yar jaka a hammata, sakataren wani Alhaji da ya ci zaɓe. Ba zan faɗi sunan Alhajin ba, Honarabul kowa yake ce masa, shi kuma wannan Sakatare. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi gajiyar zaɓe, sannan ya ce Honarabul zai yi walimar godiya ran Asabar a wani fili a bayan gari.

"Kujera dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in da tara muke so, Malam Lawal. Ba ƙari, ba ragi."

Na ce, "A cika ta dubu biyu mana, ranka ya daɗe. Ɗaya ce fa ta rage."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wace shekara muke ciki?"

Na faɗa masa.

"To ka gani. Adadin kujerun shi ne shekarar da talaka ya karɓi mulkinsa. An riga an buga katin gayyata daidai wannan adadin. Ɗan jarida zai zo daga gidan rediyo ya ƙirga da kansa, ya faɗa wa duniya."

Sai ya kawo sharaɗi na biyu. Layukan nan duka su zama daidai, kada wani ya fi wani ko da kujera ɗaya. Wai lokacin yaƙin neman zaɓe an taɓa zaunar da mutanen wani ƙauye a guntun layi can baya, suka tashi da fushi, da ƙyar aka shawo kansu kafin ranar ƙuri'a. Ya ce, "A dimokuraɗiyya babu guntun layi."

Na ce, "Kujerar Honarabul da za a sa a gaba, tana cikin lissafin?"

"Babu kujerar gaba. Cikin jama'a zai zauna, a layi, kamar kowa. In ka yi mana wannan ya yi kyau, duk tarukanmu na shekara huɗu naka ne. Garba ya nemi aikin, na ce gwani nake so."

Garban nan, Garba Roba ake ce masa. Da can taya yake sayarwa, bara-bara ya kwaso fararen kujerun roba daga Kano ya buɗe shago. Ba shi da igiya, ba shi da sandar awo, kalkuleta ce kullum a aljihun gabansa. Da na ji an fifita ni a kansa, ko biro ban ɗauka ba na ce, "An gama." Dubu biyu ba ɗaya babbar lamba ce, ƙofarta na nan wani wuri.

Talata da Laraba muka yi tattara kaya. Nawa ba su kai ba, sai da na bi abokan sana'a biyar na aro nasu, masu jan ɗigo, masu shuɗi, masu rawaya. Ban taɓa na roba ba, don sun fi na ƙarfe faɗi, in ka gauraya su igiya ba ta aiki. Mai ƙirga mini kaya a wajen saukewa Ɗan'azumi ne, babban ma'aikacina, mutumin wani ƙauye ta wajen Jibiya. Ya girme ni, shekara tara muna tare. Ko sunansa bai iya rubutawa ba, da tsakuwa yake ƙirga: duk kujera goma da ta sauka ya jefa tsakuwa ɗaya a aljihu. Bai taɓa ɓatar mini da ko ɗaya ba. Ran Laraba da yamma ya zo ya ce, "Sun cika, maigida. Tsakuwa ɗari da casa'in da tara, da kujera tara a kai."

Ni kuwa tun Talata nake fama da bayan takardar buhun siminti. Lambar mara ce, to biyu ta fita. Na gwada uku, saura ɗaya. Shida, saura ɗaya. Tara, saura ɗaya. Na koma biyar, goma, ashirin, ashirin da biyar, arba'in, hamsin, kullum layin ƙarshe ya gaza da ɗaya. In ta wannan gefen na bi ta yi mini rara, in ta wancan na bi ta yi mini giɓi, kamar mai yi da gayya. Bakwai ta bar huɗu. Sha ɗaya ta bar takwas. Sha uku ta bar goma. Na fara tsalle-tsalle ina ninka duk abin da ya zo mini, har na faɗa kan talatin da tara sau hamsin da ɗaya. Na ninka, na ga dubu biyu ba ɗaya ta fito. Na yi hamdala, na ce Allah ya jiƙan Alhaji Dogo, ga ƙofa.

Ran Alhamis tun bayan asuba muka kafa turaku, ni da Ɗan'azumi da lebura takwas. Lokacin damina na shirin sauka ne, zafin nan da ba iska, kujerar ƙarfe in ta sha rana sai ka naɗe hannu da tsumma kafin ka ɗauka. Layi talatin da tara, kowanne kujera hamsin da ɗaya, igiya a miƙe, toka a zane. Ana kiran azahar muka sa ta ƙarshe. Na juyo, sai ga kujera goma jingine a gindin bishiyar dogon yaro.

Na bi layukan ɗaya bayan ɗaya, kowanne hamsin da ɗaya. Na ƙirga layukan, talatin da tara. Na duba takardata, ga lissafi nan da hannuna. To in fili daidai ne, takarda daidai ce, saura wa?

"Ɗan'azumi, kujera nawa ka sauke?"

"Dubu biyu ba ɗaya, maigida."

"To waɗancan goman daga sama suka faɗo?"

"Ni dai tsakuwata na nan." Ya zazzage aljihu a ƙasa.

Da ma wani ya gaya mini an gan shi ran Talata yana shan shayi a ƙofar shagon Garba. Ga rana, ga yunwa, ga lebura takwas sun zuba mini ido. Na ce, "Garba ne ya aiko ka ka rikita mini aiki? Faɗi gaskiya, shayin nan na mene ne?"

Bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna ya tsince tsakuwoyinsa tas, ya kama hannuna ya zuba mini su. Ya ce, "Riƙe, maigida. Su ba su shan shayin kowa." Ya saɓa rigarsa a kafaɗa ya kama hanya.

Da tsakuwoyin nan nasa na sake ƙirga kujerun da kaina, goma-goma. Dubu biyu ba ɗaya, cif. Na zauna na sake ninka lissafina a hankali. Dubu ɗaya da ɗari tara da tamanin da tara. Ni ne na ƙara goma a wajen ninkawa, don idona na son ya ga abin da yake nema.

Bayan la'asar na hau acaɓa zuwa Kambarawa wajen Malam Kabir. Tare muka yi firamare, shi ya zarce, yanzu lissafi yake koyarwa a sakandare. Na same shi a zaure yana duba takardun ɗalibai.

"A'a, Lawal Kujera! Yau kai ne a gidan 'yan boko? Ko an yi rasuwa ne ban ji ba?"

"Ajiye wasan nan, Kabiru. Nemo mini ƙofar wannan lambar."

Na yi masa bayani. Ya karɓi takardar buhun simintin ya yi dariya. Ya ce, "Ka gwada uku ta ƙi, to me ya kai ka shida da tara da talatin da tara? Duk 'ya'yan uku ne. In uwa ta ƙi, 'ya'yanta ma sun ƙi." Ya ɗauki jan biro ya fara nasa. Biyu, uku, biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku, sha bakwai, sha tara, yana yi yana sokewa. Da ya kai arba'in da uku ya soke, sai ya ajiye biro.

Na ce, "Ci gaba mana."

"An gama."

"Wane irin an gama? Lambar ta kusa dubu biyu, kai ka tsaya a arba'in da uku?"

Ya ce, "Kai mai jeri ne. In ka yi layi da yawa, kujerun kowane layi kaɗan ne. In ka yi layi kaɗan, kujerun da yawa ne. Arba'in da biyar sau arba'in da biyar ya riga ya wuce lambarka. To ko ta yaya ka jera, dole gefe ɗaya ya kasa arba'in da biyar. Na bi gefen nan kaf, ba kowa a gida."

Wannan na gane shi, don da idona na sha gani a fili. Abin da ya biyo baya ne ban gane ba.

"Lawal, lambar nan ba ta rabuwa. Tana cikin waɗanda ba abin da ke raba su sai ɗaya, sai su kansu." Ya faɗi sunan irinsu da Turanci, ban riƙe ba. "Hanya biyu gare ka. Ko ka yi layi ɗaya tal mai kujera dubu biyu ba ɗaya, ya kai kilomita guda, ko ka yi layi dubu biyu ba ɗaya, kowanne kujera ɗaya."

"Amma ai babba ce."

"Girma ba ya hanawa. Akwai waɗanda suka ninka ta sau dubu, su ma haka suke. Ba su ma da ƙarshe."

"Wa ya hana su rabuwa?"

"Ba wanda ya hana su. Haka suke."

"Wato Alhaji Dogo ƙarya ya yi mini?"

"Bai yi ƙarya ba. Bai gamu da ita ba ne, ya rasu lafiya."

Kamar wanda aka sosa wa inda yake ƙaiƙayi, sai ya shiga ba ni tarihinta. Wai ba ta cikin masu kusurwa huɗu, ta faɗa tsakanin arba'in da huɗu sau arba'in da huɗu da arba'in da biyar sau arba'in da biyar. Wai har 'yar tagwaye gare ta, dubu biyu ba uku, ita ma ba ta rabuwa. Wai maƙwabtanta na hagu da dama duk masu ladabi ne: ka cire ɗaya ka samu hamsin da huɗu sau talatin da bakwai, ka ƙara ɗaya ka samu arba'in sau hamsin. Ya ce, "Da soja sun miƙa mulki bara, ko sun bari sai baɗi, da ka huta."

Ban yi dariya ba.

Ya ce, "To ka sa dubu biyu ka yi shiru. Wa zai ƙirga?"

"Ɗan jarida."

Nan ya yi dariya har da tari. Na ce masa ni tunda nake ba a taɓa ba ni lamba na jera wata ba, ya rubuta mini abin da ya faɗa a takarda in kai wa Sakatare, tunda su 'yan boko maganar junansu suke ji. Ya rubuta da Turanci, ya sa hannu.

Ran Juma'a da safe muka kwashe komai muka sake kafa turaku. Layi hamsin da huɗu, kowanne talatin da bakwai. Ba Ɗan'azumi, ni ne jan igiya, ni ne ƙirga. Amma wallahi ban taɓa yin jeri mai kyan wannan ba. In ka tsaya a kan layi ka rufe ido ɗaya, kujera ɗaya kake gani. Bayan an sauko daga masallaci motar Sakatare ta shigo filin, ta same ni a tsaye a tsakiya, riƙe da kujera ɗaya mai koren ɗigo.

Ya zagaya, ya gyaɗa kai, ya ce madalla. Sannan ya nuna hannuna. "Wannan fa?"

"Ita ce cikon lissafin, ranka ya daɗe."

"To sa ta a layi."

"Wane layin?"

"Kowanne."

"Zai fi 'yan'uwansa da ɗaya."

"To sake jerin."

Na yi masa bayani iya yadda na fahimta, na miƙa masa takardar Malam Kabir. Ya karanta, ya ninke ta, ya mayar mini. Ya ce, "Malam Lawal, digiri gare ni. Babu lambar da ba ta rabuwa. Ko ɗaya ana raba ta biyu."

Na ce, "To sai a kira mai walda ya yanka kujerar nan gida hamsin da huɗu, kowane layi a ba shi ɗan guntu."

Leburorin suka fashe da dariya. Wannan dariyar ce ta ci ni, na gani a fuskarsa. Na yi sauri na sauko, na kawo masa hanya uku. A ƙara ɗaya. Ya ce shekarar ba dubu biyu ba ce. A cire ɗaya. Ya ce bara soja ke mulki, so nake a yi walimar soja? A ajiye wannan a gaba liman ya zauna ya yi addu'a. Ya ce an gaya mini babu kujerar gaba.

"An ce mini kai gwani ne. Ashe ƙirga ma ba ka iya ba."

Ya shiga mota. Ba a yi awa ɗaya ba ya dawo da Garba Roba. Garba ya ciro kalkuleta, ya danna, ya nuna masa, ya ce, "Ai ƙaramin aiki ne, ranka ya daɗe." Aka ce in kwashe kayana kafin magariba. Kujera dubu biyu ba ɗaya, har da waɗanda aka aro daga gida biyar, ba wanda ya ɗora mazauninsa a kan ko ɗaya, muka loda su muka mayar.

Ran Asabar da sassafe na koma filin, don ina son in ga ƙofar da Garba ya samo wadda Malam Kabir ya ce babu. Fararen kujeru sun cika wuri, layukan sun karkace kamar sawun maciji, amma tsawonsu ɗaya. Na ƙirga layi, hamsin. Na ƙirga kujerun layi, arba'in. Na sake. Can gefe na hango Ɗan'azumi yana ɗaure rumfa, a cikin mutanen Garba.

Muka gaisa. Na ce, "Nawa ka sauke?"

"Dubu biyu cif, Malam Lawal." Bai ce maigida ba.

"Ka gaya wa Sakatare?"

"Wa ya tambaye ni? Kai kaɗai ke tambayata a duniya, kai ɗin ma ba ka yarda ba."

Na ce masa kuskuren nawa ne, tsakuwarsa daidai take, ya dawo shago. Ya ja igiyar rumfa ya ɗaure, ya ce, "Nan ba a ƙirga, ba a zargi. Na huta."

Na nemi Sakatare na ce masa arba'in sau hamsin dubu biyu ne, ko ɗan firamare ya sani. Ya kira Garba. Garba ya ciro kalkuletarsa, ya raba dubu biyu ba ɗaya gida hamsin, ya juyo mini da ita. Talatin da tara, ɗigo, tara, takwas. Ya ce, "Ka gani? Arba'in ke nan, in ji na'ura. Ɗan abin da ya rage ba a lissafa shi." Na tsaya ina kallon lambar. Ban san me zan ce wa ɗigo ba. Sakatare ya dafa kafaɗata ya ce, "Je ka huta, Malam Lawal. Hassada ba ta da kyau."

Ban tafi ba, na tsaya a gindin dogon yaron nan. Mutanen da suka zo sun ninka masu kati. Kafin minti goma kowa ya ja kujerarsa zuwa inuwa, layi ɗaya bai rage ba. Honarabul ya iso bayan azahar, wasu ƙarti biyu na biye da shi ɗauke da kujerar kushin daga falonsa, aka dasa ta a gaba ya zauna. Ɗan jaridar na gan shi, a wajen rabon shinkafa. Da yamma ina zaune a shago na ji rediyo na cewa an jera kujera dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in da tara a layuka daidai wa daida, alamar adalci.

Washegari na koma wa Malam Kabir. Na ce, "Kai ka ce ba zai yiwu ba, rediyo ta ce an yi." Ya ce, "Rediyo ba ta jera kujera, Lawal." Na ce to ni da na jera me na samu? Ya ce in sha ruwa.

Wannan ita ce mummunar shekarata. Labari ya zaga gari cewa an ba Lawal aiki ya kasa ƙirga, sai da Garba ya zo da na'ura. Duk wani ɗan siyasa, babba da ƙarami, shagon Garba ya nufa, kuma a shekarun nan in ba taron siyasa ba wane babban taro ake yi? Abokan sana'ar da na ari kayansu suka daina amsa mini gaisuwa da kyau. Damina ta sauka a kan kujeruna suna jibge, tsatsa ta ci, rabinsu 'yan gwangwan na sayar wa. Da zaman makoki da suna na riƙe shagon, inda ba mai tambayar layi. In na wuce majalisar masu shayi sai in ji an ce, "Dubu biyu ba ɗaya, an samo ƙofar?"

Ga abin da har yau ya tsaya mini. Alhaji Dogo bai yi daidai ba, ya mutu da sunansa. Garba bai yi daidai ba, yanzu motar kaya uku gare shi. Ni aka ce na yi daidai, ni aka kora. Kuma lambar nan, babba da ita, a ce duk faɗinta ba ta da ƙofa ko ɗaya, kuma ba wanda ya rufe? Malam Kabir ya yi mini bayani ya fi sau biyar. Ina ganewa in yana magana, in na fito zaure ya zube. Wani lokaci in kasuwa ta yi sanyi nakan ɗauki biro in sake bi tun daga biyu, ko ya tsallake wata. Bai tsallake ba.

Kujerar da nake zaune a kai a ƙofar shago ita ce waccan, koren ɗigonta na nan. Duk saurayin da ya ce mini "kawai", sai in fitar masa da kujera casa'in da bakwai a bayan shago, in ce ya jera mini su layi-layi, kada wani layi ya fi wani, in dawo in zauna. Yawanci ba sa daɗewa. Sai ka ji an ce, "Baba, zo ka gani." In je in tarar da layi takwas, sha biyu-sha biyu, gwanin kyau, in leƙa bayan ƙofa in ga guda ɗaya a ɓoye. Irin wannan ba na yi masa faɗa. Kwatancen shagon Garba nake masa, in ce ya je can, zai yi arziki.

Wanda nake jira shi ne wanda zai yi awa biyu yana kwashewa yana sakewa, ya dawo gumi sharkaf, riƙe da kujera ɗaya a hannu, ya ce, "Baba, wannan ta ƙi." Shi nake miƙa wa igiyar Alhaji Dogo. Tun daga waccan shekarar mutum biyu ne kacal suka dawo mini da ita a hannu. Ɗayan da na gaya masa gaskiyar abin da ake samu a sana'ar in mutum bai ɓoye kujera ba, sai ya ajiye igiyar ya je ya kama acaɓa.